Keken ɗinki, tukunya da dariya: abin da abokina ya gada



Tun ranar da na faɗa a radiyo cewa yaran ateliyen wani abokina marigayi suna shirin yin ɗinki da girki kai tsaye a Facebook don tunawa da shi, wayata ba ta huta ba. Da yawa sun yi murna. Amma wani dattijo daga wajen Bande ya kira ya ce mini: "Ɗana, mamaci addu'a yake so, ba shewa ba." Na ce gaskiya ne, Baba. Sai dai mintin da ake ba mai kira bai isa in ba shi amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan kama sunansa ba, iyalinsa sun fi son haka, kuma waɗanda suka san shi sun riga sun gane. Tare muka yi lakwal har CEG, ni na wuce lise, shi ya kama keke. Goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowane tela ke ɓuyar masu kaya, shi kuwa sai ya jingina waya a jikin gwangwanin maɓallai ya buɗe wa duniya ateliyensa. Mai kaya ya zo da faɗa, ya dube shi da fuskar tausayi ya ce ai kuran aka ɗauke tun jiya, alhali kowa na ganin keken na ƙafa ne. Ya auna mutum da santimetir, ya sanar wa masu kallo cewa Alhaji ya ƙara ƙiba cikin azumi, a bincika. Can wajen ƙarfe uku na dare ya hura furno a gefen keke, ya ɗora taliya ko shinkafa da wake na sahur, yana ba da labarin albasa da tattasai kamar mai sharhin ƙwallo. Cikin wasan nan kuma yaro zai ga yadda ake fitar da wuyan riga, da yadda ake shimfiɗa shadda a yanka ba a yi asarar ko taƙi ɗaya ba.

To, wannan abu ba waya ce ta kawo shi ba. Kafin radiyo, kafin kaset, ƙasar Hausa tana da ƴan kama. Ɗankama sana'arsa ba'a, kuma jarinsa abinci ne. Yakan ɗauki muryar mawaƙin sarki, ko salon malami mai wa'azi, ya juye maganar gaba ɗaya ta koma kan tuwo da nama da fura. Inda mawaƙi zai yabi jarumin da ya ci gari, ɗankama zai yabi wanda ya ci akushi. Mutane su yi ta dariya a kasuwa ko wajen biki, har da malaman da ake kwaikwayo. Kuma ku lura, a ƙasar da ta san fari ta san yunwa, ba'a kan abinci ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya taɓa kwana da ita shi ya fi kowa jin daɗin a mai da tukunya abin wasa.

Sai tashe, wanda ke farawa idan azumi ya kai goma. Duk wanda ya tashi a Waca ko Dogo-Dogo ko Yekuwa ya ga yara maza da gemun auduga suna tafiyar tsofaffi, ƴan mata suna kwaikwayon zaman aure da aikin gida. Gwauro kuwa ya shiga uku a watan, don shi ne namijin da ba mai dafa masa. Abokina ya san wannan sarai. Shekarun da bai yi aure ba, da kansa yake gabatar da girkin da sunan sahur ɗin gwauraye, kafin wani ya riga shi. A birnin Damagaram ma akwai wasan kara, inda samari ke shigar shugaban ƙasa da ministoci da hafsoshi, da bindigogi da kamarori na karan hatsi, manyan na zaune suna kallon kansu.

Wanda ya ɗauki wannan gado ya kai shi gidan radiyo da telbijin a nan jiharmu shi ne Yazi Dogo. Mushen lakwal ne, ɗan Dogon Dutsi, amma a Damagaram ya yi suna tare da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ORTN. Zamanin Seyni Kountché ne, wanda ya hau mulki a Afrilun 1974 ya farfaɗo da samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Wasanninsu ba a rubuta su baƙi da baƙi. A zauna a tsara labari, kowa ya san matsayinsa, sauran magana a baki take fitowa a gaban jama'a. Labaran kuma na gida ne: ɗan kasuwa mai ha'inci, ma'aikacin biro mai son na goro, alhajin da kuɗi suka ruɗa. A lokacin da ba kowace magana ake faɗa a fili ba, ta bakin ɗan wasa ake jin ta. Har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta zauna da su, ta fitar da littafi kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a 1987. Abin da ke ba ni haushi, ku tsayar da matashi ɗan shekara ashirin a tashar Magarya ku ce ya ba ku labarin wasa ɗaya nasu daga farko zuwa ƙarshe, ku gani.

Mu kuma ƴan zamaninmu, Ibro ne ya raine mu. Kaset da CD na shigowa ta Babban Mutum da Babura da Maigatari, mu tara dala-dala mu shiga gidan bidiyo, gurup na ruri a waje. Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano, an haife shi a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa gaba ɗaya. Bai sha da daɗi ba: a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta yanke masa wata biyu a kurkuku, a shari'ar da ta shafi fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma ciki a matsayin fursuna. Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, aka kai shi garinsu.

A nan ne amsata ga Baban Bande take. Sama da shekara goma ke nan, har gobe ana tura gutsattsarin wasannin Ibro a WhatsApp, kuma ku duba abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Bayan dariya, "Allah ya jiƙan Ibro" ne ke biyowa, daga bakin yaran da ba su ma yi wayo ba sa'ad da ya rasu. Attajirai nawa suka mutu a shekarar, wa ke ambatonsu? Ni kaina, Allah ya sani, ban taɓa yi wa abokina addu'a da zuciya ɗaya kamar daren da na ci karo da bidiyonsa yana rantsuwa da keken ƙafa cewa kuran ne ya hana shi aiki ba.

Amma Baba yana da gaskiyarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Akwai layin da ba a tsallakawa. Ɗaya daga cikin yaran ya kawo shawarar ya sa hular marigayi ya kwaikwayi muryarsa, na ce a'a, mahaifiyarsa na da rai kuma tana da waya. Su yi nasu wasan da nasu bakin. An nemi izinin iyalinsa, za a buɗe da addu'a, abin da aka ɗinka a daren na marayun unguwa ne, abin da aka dafa kuma sadaka.

Saura roƙo. Wayarsa ta lalace, ba wanda ya san lambar sirrin shafinsa, abin da muka tattara zuwa yanzu bai kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Duk wanda ke da wani guntu a kart memwar, musamman ku na Tamanrasat da Sabha da kuka fi kowa kallonsa, ku turo. Wanda kuma za a yi, ku sauke shi a wayoyinku da wuri, don tun Fabrairun 2025 kwana 30 kawai Facebook ke ajiye bidiyon da aka yi kai tsaye.

Af, na kusa mantawa. Da ake share ateliyen an tarar da wata leda a ƙarƙashin tebur, farar shadda ce an yanka ba a ɗinka ba, ba suna, ba lamba, sai awo da aka rubuta da alli a jikin ƙyallen. Amana ce a wuyansa, kuma da ita yaran za su fara a daren. Mai ita, don Allah ka zo ka karɓa, ka kuma yafe masa sallar da ka yi da tsohuwar riga.