Na'urar Shinshina Iska Don Gane Nunar 'Ya'yan Itatuwa

Gabatarwa

Kowace shekara manoma da 'yan kasuwarmu suna tafka asara a lokacin mangwaro da tumatir, domin kaya sukan nuna gaba ɗaya su ruɓe kafin a samu mai saye. Mun shirya wannan bayani ne domin manoma, da 'yan gwari, da malaman gona na ƙananan hukumomi su san wata na'ura mai sauƙin kuɗi da ke taimakawa wajen rage wannan asara.

Iskar da ke sa nuna

Wasu 'ya'yan itatuwa suna fitar da wata iska da ido ba ya gani, mai suna etilin, kuma ita ce ke sa su nuna. A shekarar 1901 wani masani ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano tasirinta a kan tsirrai, sannan a 1934 Richard Gane ya tabbatar a Ingila cewa 'ya'yan itace da kansu suke fitar da ita. Wannan shi ne dalilin da ya sa iyayenmu suke nuka ayaba ta hanyar rufe ta, domin iskar ta taru wuri guda.

Ayaba, mangwaro, gwanda, gwaba da tumatir suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su. Amma lemo, abarba da kankana ba sa ƙara zaƙi bayan tsinka, saboda haka na'urar ba ta da wani amfani sosai wajen gane nunarsu.

Yadda na'urar take aiki

Wadda ta fi araha tana ɗauke da ɗan ƙaramin sinadarin kuza da ake ɗumamawa da lantarki. Idan iska ta taɓa shi, yadda wuta ke ratsa shi yakan canza, sai na'urar ta nuna lamba ko ta kunna fitila. A 2012 kuma masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Timothy Swager, sun ƙera wata da ke gane etilin ko da bai kai kashi 1 cikin miliyan na iska ba. Wannan yana da muhimmanci, domin ɗan kaɗan ɗin nan ya isa ya tayar da nuna a cikin sito.

Amfaninta

Idan lamba ta fara hawa, mai kaya zai san lokaci ya yi da zai buɗe sito iska ta shiga, ya ware nunannu daga ɗanyu, ya fara sayar da kwandunan da suka riga sauran. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa, irin na Kasuwar 'Yan Lemo da ke Kano, za ta iya haɗa kuɗi ta sayi guda domin amfanin kowa.

Abubuwan lura

1. Na'ura mai araha takan ruɗe da hayaƙin janareta, da warin fetur, da tsamin kayan da suka ruɓe.
2. Zafi da laima suna canza lambar, saboda haka a riƙa gwada ta a iska mai tsabta kafin aiki.
3. A rufaffen wuri take aiki sosai, ba a fili ba.
4. Ba ta maye gurbin ido da hannu da hancin gogaggen ɗan kasuwa.

Gargaɗi

Muna jan hankalin jama'a da su guji nuka kaya da kabayid ɗin masu walda. Yana ɗauke da guba irin su asenik, kuma hukumar NAFDAC ta haramta yin haka. Na'urar nan ba ta tabbatar da cewa kaya sun tsira daga wannan guba.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa.