Hannun ƙasa a tsallen sanda

Hannun ƙasa shi ne hannun da mai tsallen sanda ke riƙe sanda da shi a ƙasa da ɗayan hannun. Ga wanda ya saba aiki da dama, hannun dama ne ke sama kusa da ƙarshen sanda, na hagu kuma shi ne na ƙasa, sannan ya tashi da ƙafar hagu. Bahago yana yin akasin haka. Yawanci tazarar hannuwan biyu takan kai faɗin kafaɗu ko ta ɗan wuce. Hannun sama ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin jiki, amma na ƙasa shi ke daidaita tazarar da ke tsakanin ƙirji da sanda, kuma a kan wannan tazara ne kyawun tsalle da lafiyar ɗan wasa suka dogara.

Tarihi

Aikin hannun ƙasa ya sauya ne tare da sauyin sandar kanta. Da farko ana yin sanda da katako, daga baya da gora, sannan da ƙarfe. Waɗannan sanduna ba sa lanƙwasuwa sosai, saboda haka 'yan wasan wancan zamani sukan zame hannun ƙasa zuwa sama har ya kusa haɗuwa da na sama a lokacin kafa sanda, domin su yi lilo da hannu biyu wuri guda. Da sandar gora Cornelius Warmerdam na Amurka ya tsallake mita 4.77 a shekarar 1942.

Da sandar zaren gilashi ta yaɗu a farkon shekarun 1960, sai aka daina zame hannu. Wannan sanda tana lanƙwasuwa, ta tara ƙarfin gudun ɗan wasa, sannan ta miƙe ta mayar masa da shi. Daga nan hannuwa suka zauna a rarrabe, hannun ƙasa ya sami aikin kansa.

Dokar wasan ma ta taɓo shi. Bayan ɗan wasa ya bar ƙasa, idan ya ɗora hannun ƙasa sama da ɗayan, ko ya ƙara matsar da na sama, tsallen ya ɓaci. Manufar dokar ita ce hana hawan sanda hannu bi hannu, dabarar da wasu 'yan wasan Ingila suka yi amfani da ita a ƙarni na 19.

Aikinsa mataki-mataki

Lokacin gudu, hannun sama yana kusa da ƙugu, na ƙasa kuma yana gaban ƙirji, gwiwarsa ƙarƙashin wuyan hannu. A nan shi ne madogarar sanda: a kansa bakin sanda ke saukowa a hankali yayin da ɗan wasa ke matsowa.

A takun ƙarshe hannuwan biyu suna ɗagawa sama, bakin sanda ya faɗa cikin akwatin kafawa, wato ramin da tsawonsa mita 1 ne, zurfinsa kuma santimita 20. Ana so hannun ƙasa ya kasance sama da goshi kafin sanda ta daki bangon akwatin.

Da zarar an tashi, ƙirji yana shigewa gaba, hannuwa su ja baya bisa kai. Hannun ƙasa yana saki kaɗan, gwiwarsa ta buɗe waje, amma ba ya rushewa. Yayin da ƙafar baya ta yi lilo, sai ya sake danna sanda domin ta ci gaba da mirginawa wajen katifa.

Sa'ad da jiki ya juya ƙafa sama kai ƙasa, gwiwar hannun ƙasa tana naɗewa domin jiki ya manne da sanda yayin da take miƙewa. Daga nan ɗan wasa ya ja, ya juya ya fuskanci sandar gicciye. Hannun ƙasa ne ke fara sakin sanda, na sama ya yi turin ƙarshe.

Saɓanin masu horarwa

Masu horarwa sun daɗe suna jayayya kan ƙarfin da ya kamata a sa wa wannan hannu. Wasu suna koyar da a miƙe shi ƙyam a tura sanda gaba domin ta lanƙwasa. Hakan yana sa sabon ɗan wasa ya ga lanƙwasa da wuri, sai dai yana tokare kafaɗu, ya kashe lilo.

Ɗayan ra'ayin ana danganta shi da Vitaly Petrov, kocin da ya horar da Sergey Bubka a Tarayyar Sobiyet. A wannan tsari, saurin gudu da tashi mai tsayi da nauyin da ke kan hannun sama su ne ke lanƙwasa sanda. Hannun ƙasa yana turawa sama ne, ba gaba ba, kuma ana so ɗan wasa ya riga ya miƙe yana tashi kafin sanda ta ɗauki nauyinsa. Bubka ne ya fara tsallake mita 6, a birnin Paris a shekarar 1985. Daga baya Petrov ya horar da Yelena Isinbayeva ta Rasha, wadda ta kafa tarihin mata na mita 5.06 a shekarar 2009.

Duk da haka manyan 'yan wasa ba su zama iri ɗaya ba. Tsawon mutum, faɗin riƙonsa da taurin sandarsa duk suna sauya yadda hannun ke bayyana. A hoto sau da yawa akan ga hannun ƙasa a miƙe, amma wani lokaci sandar ce ta lanƙwasa ta yi nisa da jiki, hannun ya bi ta, ba shi ya tura ta ba.

Kurakurai da haɗari

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Idan hannun ya rushe, ƙugu yakan wuce gaba da wuri, sanda ta tsaya ba ta kai tsaye ba, ɗan wasa ya faɗo kan akwati ko hanyar gudu maimakon katifa. Irin wannan faɗuwa ce ke jawo munanan raunuka a kai da wuya da ƙashin baya. Idan kuma ya sandare, ɗan wasa ba ya iya juyawa a kan lokaci, kuma sanda mai laushi tana iya lanƙwasa fiye da kima har ta karye.

Saboda haka akan fara koya wa sababbin shiga da gajeren gudu da riƙo na ƙasa-ƙasa, a kan sandar da ba ta lanƙwasa ba. Sai sun iya tashi da lilo, suna sauka a tsakiyar katifa, sannan a ɗaga musu riƙo, a ba su sandar da ta dace da nauyinsu.