Takalmin Tsayuwa Kan Yatsu a Rawar Bale

Takalmi ne da masu rawar bale ke sawa domin su tsaya cak a kan tsinin yatsun ƙafa. Bakinsa ba katako ba ne kamar yadda wasu ke zato. Yadi ne da takarda aka manne da gam har suka sandare. 'Yar rawa Marie Taglioni ce ta sa salon ya yi tashe a Faransa a 1832.

Ba a sayensa da ka. Sai gwani ya gwada ƙafar ɗaliba, domin in ya yi yawa ko ya matse, yatsu ne ke ji a jikinsu. Malamai kan jira yarinya ta kai shekara 11 ko 12, ƙashinta ya yi ƙwari, kafin ta fara sa shi.

A 2018 kamfanin Freed na Landan ya fara yin irin wannan takalmi mai kalar fatar baƙaƙe.