Daga Allo Mai Ƙusumbi Zuwa Talabijin ɗin Bango

Intanet ta shigo Jamhuriyar Benin a ƙarshen 1995, lokacin taron ƙasashe masu magana da Faransanci a Kwatano, amma ta daɗe kafin ta hauro arewa. Ko da shagunan sibar suka fara yawa a Parakou, musamman bayan kafa jami'a a 2001, akasarin kwamfutocinsu na hannu ne da aka sauke a tashar ruwan Kwatano. Akwatin daga wannan ofis, allon daga wancan, wayar haɗi kuwa duk wadda hannu ya kai gare ta.

Allunan zamanin masu ƙusumbi ne, irin talabijin ɗin da. Idan aka sake ɗora Windows 98 babu diraiban katin hoto, sai ta koma kan ma'aunin VGA da IBM ya fitar a 1987: ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, launi 16 kacal. Rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, hoton fasfo ya fito dabbare-dabbare. Faifan diraiban kuwa yana can Turai a durowar mai kwamfutar na farko. Dole mai gyara ya kwance akwati, ya karanta sunan da ke jikin katin, ya shiga cigiya wajen abokan sana'a. Daga garin Djougou, tsohon zangon fataken goro, cigiyar kan kai mutum har Parakou.

Sai masu zalama, waɗanda ke ɗaga ma'auni fiye da ƙarfin allon, ya ɗauke baƙi ƙirin. Wanda ya sani sai ya naɗe hannu na daƙiƙa 15, Windows ta mayar da kanta. Wanda ya riga ya amince da canjin, sai ya kashe ya kunna yana danna maɓallin F8.

Abin takaicin shi ne tun 1994 ƙungiyar VESA ta tanadi maganin wannan. Allo yana ɗauke da ɗan bayanin kansa, EDID, da yake gaya wa kwamfuta iyakar abin da zai iya. A kan wayar VGA mai allura 15, bayanin yana bi ta allura ta 12 da ta 15. Wayoyin araha da yawa ba a haɗa waɗannan biyun ba, wasu kuma sun lanƙwashe. To, yaya kwamfuta za ta gane allon? An sha goge Windows ɗungurungum alhali laifin waya ne. Haka idan hoto ya rine ya koma shuɗi-shuɗi: allura ta 1, mai ɗaukar ja, ita ta karye. A ganina ƙwararren mai gyara shi ne wanda ke fara leƙa kan waya kafin ya taɓa linzami.

Masu Linux sun sha nasu wajen gyara fayil ɗin xorg.conf da hannu don daidaita allo, kafin manhajar xrandr ta sauƙaƙa lamarin wajajen 2007.

Da alluna masu faɗi suka zo, sai damuwar ta canza kama. Allo na 1366 da 768, an bar shi a kan 1024 da 768, kowa a hoto ya yi kumatu, mai shago bai ma lura ba. Yanzu kuma talabijin ake jonawa ta HDMI, ya datse gefen hoto har maɓallin farawa ya ɓace a ƙasa. Wannan galibi ba a kwamfuta gyaransa yake ba, a rimot yake, wajen zaɓin girman hoto.