Hasumiyar Paynesville da Tashoshin da Aka Yi Gaggawar Kashewa

A Paynesville, gefen Monrobiya babban birnin Laberiya, an taɓa samun wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 417, wadda a zamaninta babu ginin da ya kai ta tsawo a duk Afirka. Ba ta watsa labarai, ba ta sa waƙa. Tun daga 1976 aikinta ɗaya ne: fitar da siginar rediyo dare da rana domin jiragen ruwa da na sama su san inda suke. Tana cikin tashoshi takwas na tsarin Omega da rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙirƙiro, sauran suna Nowe, Japan, Ajantina, Ostireliya, tsibirin Reunion, Hawai da Dakota ta Arewa. Takwas ɗin nan kacal suka game duniya. An kashe su ranar 30 ga Satumba 1997, aka rusa ta Laberiya a 2011.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A ce ladanai biyu na masallatai biyu sun ɗaga murya a daidai lokaci guda. Wanda ka fara ji shi ya fi kusa da kai, kuma tazarar da ke tsakanin isowar muryoyin biyu za ta nuna maka iyakar yadda ya fi kusa. Haka na'urar jirgi take yi da tashoshi biyu, sai dai igiyar rediyo tana cin mita 300 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, don haka awon yana bukatar agogo mai tsananin daidaito. Bambancin lokacin yana ba matuƙi wani lanƙwasasshen layi a kan taswira, wanda tabbas yana wani wuri a kansa. Ya sake awo da wasu tashoshi biyu, ya sami layi na biyu. Inda layukan suka gitta, nan yake. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi wannan fasaha: Ingila ta fara amfani da tsarin Gee a 1942 don jagorantar jiragenta masu kai hari Jamus cikin duhu, Amurka kuma ta fito da LORAN daga ɗakunan bincike na jami'ar MIT don ayarin jiragen da ke ƙetare Atlantika. Wani tsarin mai suna Decca ya taimaka wa jiragen share nakiyoyi lokacin saukar dakaru a Normandi a 1944, daga baya ya zama abokin masuntan Turai har zuwa 2000. Tarayyar Sobiyet ma ba ta zauna ba, ta gina nata, Chayka da Alpha.

Da GPS ya kammalu a 1995, sai aka ga kamar duk waɗannan sun zama tsohon yayi. Game da Omega kam, hukuncin daidai ne. Kuskurensa kan kai mil biyu zuwa huɗu, yana kuma sauyawa tsakanin dare da rana saboda sararin sama da siginar ke bi ta ƙarƙashinsa yana ɗagawa yana sauka. Tsarin da zai kai ka kusa da gari amma ba zai nuna maka ƙofa ba, ba shi da ta cewa a gaban tauraron ɗan'adam. Inda aka yi gaggawa shi ne kan LORAN-C, magajin LORAN, wanda Amurka ta kashe ranar 8 ga Fabrairu 2010 don adana kimanin dala miliyan 36 a shekara, Faransa da Nowe suka bi sahu a ƙarshen 2015. An yi haka ne kuwa bayan cibiyar Volpe ta ma'aikatar sufurin Amurka ta yi gargaɗi tun 2001 cewa toshe GPS abu ne mai sauƙi.

Dalilin a fili yake. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, siginarsu kan iso ƙasa a galabaice, har ƙaramar na'urar da ake soka wa a mota tana iya danne ta a kewayenta. LORAN-C kuwa daga ƙasa yake fita, a dogon zango na kilohaz 100, da ƙarfin ɗaruruwan dubban wat, mai son danne shi a yanki mai faɗi sai ya kafa tasa hasumiyar kowa na gani. Wani zai ce ai yanzu taurarin sun yawaita, ga GLONASS na Rasha, ga Galileo na Turai, ga BeiDou na Sin, in ɗaya ya faɗi sai a koma wani. Wannan ya amsa matsalar lalacewar tauraro, bai amsa ta toshewa ba, domin dukansu a zangon da ke maƙwabtaka da juna suke magana, da murya mai rauni iri ɗaya. Rijiyoyi huɗu ne masu sha daga jijiya guda. Wani kuma zai ce manyan jirage suna da na'urar da ke lissafin tafiya daga motsinsu ba tare da sauraron kowa ba. Haka ne, amma kuskurenta yana taruwa da kowace sa'a, kuma ba ta raba lokaci, alhali turakun wayar salula, layukan lantarki da bankuna da yawa daga GPS suke saita agogonsu.

Abin da ya biyo baya ya nuna gargaɗin ba hasashe ba ne. Daga 2010 Koriya ta Arewa ta sha toshe GPS a kan iyaka, jirage da yawa suka rikice, Koriya ta Kudu ta koma gina eLoran, wato LORAN da aka sabunta, wanda kuskurensa kan sauko zuwa 'yan gomomin mita a bakin tashar jiragen ruwa. Sin ba ta kashe nata tashoshin ba, ƙara su ma take yi, duk da BeiDou na hannunta. Ingila ta bar tasharta ta Anthorn tana aiki saboda raba lokaci. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zirga-zirga zuwa Tartu ta Istoniya na wata guda, saboda hanyar saukar filin ta dogara ga GPS kuma ana ta katse shi a yankin Baltik. Bai koma ba sai da aka tanadar wa filin hanyar sauka mai aiki da na'urorin rediyo na ƙasa.