Mayar da Haja Bayan Ciniki: Tarihin Wata Ƙa'ida a Kasuwar Tufafi

A kantunan yadi da na kekunan ɗinki, tun daga Kantin Kwari a Kano har zuwa kasuwannin Sakkwato da Jega, inda telolin Sanyinna da Tambuwal da Kebbe kan je sari, akan tarar da wani gargaɗi a gindin rasit cewa duk abin da ya bar kanti ba a mayar da shi. Mutane da yawa sun ɗauka haka ciniki yake tun fil'azal. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa gargaɗin baƙo ne a ƙasar Hausa, ta kuma bi diddigin yadda ya shigo.

Shaida ta farko ta fito daga Hugh Clapperton, Baturen da ya sauka Kano a 1824. Ya rubuta cewa idan aka sayi riga ko turkuɗi a kasuwar Kano, aka tafi da shi Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ƙunshin ba, sa'an nan aka tarar ba shi da inganci, to komo da shi ake yi. A cikin kowane ƙunshi akwai sunan dillalin da aka yi cinikin a hannunsa. Wajibin dillali ne ya nemo mai kayan, shi kuwa mai kayan doka ta tilasta masa ya mayar da kuɗi. Wannan ba ƙaramar sana'a ta shafa ba, domin Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta darajar tufafin da birnin ke samarwa a shekara da wuri miliyan 300.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Baƙin tufa mai shuni akan naɗe shi a takarda bayan ya fito daga mabuga, kuma yawan kwance shi yana rage masa ƙyalli. Falke ba zai iya duba kowane ƙunshi ba. In da babu damar mayarwa, da cinikin ya zama cinikin biri a sama, da kuma fatake sun guji kasuwar. Saboda haka la'adar da dillali yake karɓa ba ladan haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai ba ce, har da ladan jinginar da sunansa.

Al'adar tana da gindi a fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Daular Sakkwato suke hukunci da shi, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Malamai sun bayyana hanyoyi uku na warware ciniki. Ta farko ita ce zaɓin sharaɗi, wato a ƙulla ciniki bisa cewa mai saye zai yi shawara zuwa wani lokaci. Halil ya ba gida kimanin wata guda, tufa kuwa kimanin kwana 3. Ta biyu ita ce zaɓin aibi: duk wanda ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba lokacin saye yana da ikon mayarwa, ko da ba a yi sharaɗi ba. Har ma idan an riga an yanka tufar yankan da aka saba, matuƙar mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, to asarar yankan a kansa take. Ta uku ita ce iƙala, wato mai kaya ya karɓi abinsa don kyautatawa ga wanda ya yi nadama, alhali babu aibi. Biyun farko haƙƙi ne, ta uku kuwa alheri ce. Daɗin daɗawa, Malikiyya sun ƙuntata damar mai sayarwa ya ce ya kuɓuta daga kowane aibi, ba su kuwa buɗe masa wannan ƙofa a cinikin tufa ba.

Al'amura sun sauya bayan zuwan Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Kantunan John Holt da G.B. Ollivant da CFAO suka cika da akoko da alawayyo da atamfa. Masaƙin yanzu yana Manchester, a Ingila, kuma tsakaninsa da mai saye a ƙauye akwai kamfani, da babban dila, da ɗan sari, da ɗan koli. Babu dillalin da zai iya nemo shi. Ko da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, nisan ya ragu, amma tsawon sarƙar bai ragu ba. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da inda zai mayar da turmin da ya yi zuba ko ya zo da huda, sai ya kare kansa da rubutu a rasit. A kotunan boko kuma an bi dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda ta ɗora wa mai saye nauyin duba abin da ido zai iya gani, ko da yake ta tanadi wasu sharuɗɗan inganci.

Keken ɗinki ya zo da nasa salon. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, kuma a 1856 kamfaninsa ya fara sayarwa bisa biya kaɗan-kaɗan. Wanda yake bin bashi wata-wata tilas ya kula kekensa yana aiki, don haka gyara da kayan gyara suka zama ɓangaren cinikin. Da kekunan Sin irin su Butterfly suka yawaita, akasari ana sayensu kuɗi hannu a kasuwa, sai wannan igiya ta saki. Ga tela a Sanyinna, keke shi ne jarinsa gaba ɗaya. In ya ƙi ɗinki ana gab da Salla, kuɗin mota zuwa birni da jayayya a bakin kanti suna iya cinye ribar watan da ya fi dogara da shi.

Gwamnati ta waiwayi matsalar da dokar soja mai lamba 66 ta 1992, wadda ta kafa majalisar kare masu saye. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, da aka sa wa hannu a 2019, ta maye gurbinta, ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye ikon mayar da kayan da suka zo da illa ko suka saɓa wa siffar da aka faɗa, ta kuma hana a soke wannan haƙƙi da sanarwa. Lalle ne a lura cewa wannan bai sa karɓar lafiyayyen yadin da aka yanka, don kawai mai saye ya sake ra'ayi, ya zama tilas ba. A nan dokar ta yi kusa da rabewar da malamai suka yi tsakanin aibi da iƙala.

A taƙaice, abin da ya riƙe tsohon tsari abu uku ne: sunan wanda za a kama, wa'adi sananne, da mai hukunci a kusa. Doka a takarda ba ta isa Sanyinna sai da waɗannan. Aikin da ke gaban ma'aikatan ƙananan hukumomi da sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin teloli shi ne su tabbata rasit yana ɗauke da sunan kanti, da lambar keke, da kwanakin gwaji, a kuma warware turmi a gaban mai shi kafin almakashi ya taɓa shi. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida; ɗan kasuwar da ya yarda a komo masa da mugun kaya, shi ma kuɗinsa yake mayarwa gida, domin gobe ƙofarsa za a sake nufa.