ALƘALI YA RIGA MANAZARCI: WAIWAYE KAN FAIFAN ZIRIUMS NA 2010

Tun asali mawaƙin Hausa bai saba jiran jarida ta gaya masa ko waƙarsa ta karɓu ba. Mu nan ƙasar Yawuri shaida ne. Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo, wanda ya gaji kiɗan fada daga mahaifinsa Aliyu Ɗandawo, ya kuma yi zamansa a cikinmu, in ya kawo sabuwar waƙa gaban sarki ko wani basarake, kafin 'yan amshi su sauke numfashi ya san matsayinta. In ta yi, ga riga ga doki, fadawa kuma su kwana suna maimaita gindinta. In ba ta yi ba, shirun da za a yi ya ishe shi bayani. Da rediyo ya zo, sai hukuncin ya koma hannun masu aika katin zaɓe zuwa Kaduna. Da kaset ya zo, sai ya koma hannun direbobin hanyar Kwantagora zuwa Jega, waɗanda ba sa ɓoye ra'ayinsu: kaset ɗin da ya gundure su ta taga yake fita.

Abin da muke son waiwaya a wannan fitowa shi ne wani lokaci da wannan hukunci ya faɗa hannun da bai saba riƙe shi ba, wato hannun alƙali, da kuma yadda wani faifan waƙoƙin rap, ko gambarar zamani kamar yadda wasu kafafen labarai suka raɗa mata, ya fito a tsakiyar wannan dambarwa. Mawaƙin shi ne Nazir Ahmed Hausawa, ɗan Kano, wanda aka fi sani da Ziriums. Faifan kuwa sunansa This Is Me, wato Ga Ni Nan, ya fito a shekarar 2010.

Asalin rap dai sananne ne, ba sai mun ja shi da nisa ba. A unguwar Bronx ta birnin Niyok aka haife shi a farkon shekarun 1970, a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka da 'yan ci-rani daga tsibiran Karebiyan. Ya shiga faifai ya zaga duniya daga 1979. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu kama shi da harsunan gida, inda ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong suka riƙa cuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A Kano kuwa sai a shekarun 2000 ya yi ƙarfi, a ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti da waƙoƙin fim suka haifar, inda fiyano ɗaya da kwamfuta ɗaya suka maye gurbin makaɗa goma. Billy-O da Ziriums suna cikin na gaba-gaba. Kunnen Bahaushe bai ji abin baƙo ƙwarai ba, domin wanda ya san 'yan gambara da 'yan kama da kirarin 'yan tauri ya san magana mai gudu a kan kiɗa, ya san zambo, ya san cika baki. Shiga da hula da tafiyar ce ta zama baƙuwa, kuma ita ce mutane da yawa suka tsaya kallo, ba su kai ga sauraron kalmomin ba.

SHEKARUN TAKURA

Ba za a fahimci faifan ba sai an san Kanon da ya fito daga cikinta. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma a shekarunta na farko zaman lafiya ake yi da ita daidai gwargwado. Abin ya sauya a 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya bazu ta wayoyin hannu, gari ya ɗauki zafi. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da shirya fim na wasu watanni, aka kuma haɗa hukumar da kotun tafi-da-gidanka. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifan bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro, a ƙarshen shekarar kuma aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukunci a kan fim ɗinsa Tsintsiya.

'Yan'uwa marubuta za su tuna cewa guguwar ba ta tsallake mu ba. A 2007 an ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, su riƙa kai mata littafi kafin ya shiga kasuwa. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, lokacin Ado Ahmad Gidan Dabino na shugabancinsa, ya ja daga a kan haka. Saboda haka labarin mawaƙin nan ba labarin wasu can ba ne. Igiyar da ta ɗaure kaza ita aka auna wa zabo.

A cikin wannan yanayi Ziriums ya saki waƙarsa "Girgiza Kai". Dabarar da ke cikinta mai sauƙi ce, kuma a nan ƙarfinta yake. Mawaƙin ya shigo da murya irin ta mai nasiha, yana jan kunnen mai sauraro cewa tunda an hana rawa a garin, in kiɗa ya ratsa shi, to ya tsaya a kan girgiza kai kawai. A zahiri biyayya yake koyarwa. Amma kowane Bahaushe ya san girgiza kai iri biyu ce: akwai ta mai jin daɗin kiɗa, akwai ta wanda ya ga abin takaici ya rasa bakin magana. Mai sauraro na cikin yin ta farko sai ya tarar ya yi ta biyu, kuma babu dokar da za ta iya rarrabe su. A ra'ayinmu wannan habaici ne na gwanaye, irin wanda da a littafin wani dattijon marubuci aka same shi da tuni an yi masa babi guda a kundin digiri.

A watan Yuni na 2009 kotun tafi-da-gidanka ta fitar da jerin waƙoƙi 11 da ta haramta sayarwa da yaɗawa da ma saurare a Jihar Kano. "Girgiza Kai" na ciki, tare da "Oyoyo" ta Adam A. Zango da "Hasbunallahu" ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda shi ma marubucin littattafan hikaya ne kafin waƙa ta ɗauke shi. A watan Yuli aka kama Ala aka tsare shi. To mai karatu ya lura da abin da ya faru a nan. An ɗauki waƙar addu'a, da waƙar barkwanci, da waƙar rap, an zuba su a kwando ɗaya da sunan kare tarbiyya, alhali abin da ya haɗa mafi shaharar cikinsu shi ne sun taɓa masu tacewar. Wannan jeri shi ne hukuncin farko a rubuce da "Girgiza Kai" ta samu daga wata hukuma a ƙasar Hausa. Bai ce komai a kan salo ko amsa-amo ko sarrafa harshe ba, amma ya tabbatar da abu guda, cewa saƙon ya isa inda aka aika shi.

KASUWAR DA BA MU DA ƘOFARTA

Ziriums ya bar Kano ya koma Abuja da aikinsa, kamar yadda 'yan fim da yawa suka koma Kaduna a waɗannan shekaru. Kafin nan gidan talabijin na CNN ya riga ya nuna shi a 2008 a wani rahoto kan takurar Kano, daga baya kuma ya fito a wani fim na tarihi mai suna Recording a Revolution. Da faifan This Is Me ya kammala a 2010, sai aka sa shi a kasuwannin intanet irin su iTunes da Amazon.

A nan ne abin ban mamakin yake. Kamfanin Apple bai buɗe kantin waƙoƙinsa na iTunes ga masu saye a Nijeriya ba sai a watan Disamba na 2012. Ke nan fiye da shekara biyu faifan wani ɗan Kano, wanda yake magana da matasan Kano a kan abin da ya dami Kano, yana ajiye a kantin da mutumin Landan ko Shikago zai shiga da katin bankinsa ya saya, amma ɗan Fagge ba shi da ƙofar shiga, balle ɗan Yelwa ko Wara ko Shanga. Ba laifin mawaƙin ba ne. Kasuwar faifai ta arewa Kano ce cibiyarta, dillalan da za su buga su rarraba kuma suna ƙarƙashin idon hukumar da ta haramta waƙarsa. Wane ɗan kasuwa ne zai sa shagonsa a caca saboda rap?

Sai waƙoƙin wannan zamani suka bi wata hanya da ba ta da rasit. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, zuwa ƙarshen shekarun kuma wayoyi masu Bluetooth da katin memori sun cika hannun matasa. A kowace tasha da kasuwa, har da namu na bakin ruwa, aka samu masu teburin cajin waya da ke tura waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ta wannan hanya waƙoƙin Kano suke iso mana, su shiga jirgin ruwa ranar kasuwa su tsallaka tafki. Umarnin kotun Kano iyakarsa Jihar Kano, ba shi da iko a Kabi, don haka ga mai sauraro a nan, labarin an hana waƙa talla ce kawai. Amma wannan hanya tana da tsadarta. Waƙa takan iso ba sunan mai ita, ba shekara, ba jerin da ya tsara. Mawaƙi ya zauna ya yi tunanin wadda za ta buɗe faifai da wadda za ta rufe shi, kamar yadda marubuci ke tsara babi-babi, sai mai tura waƙa ya tsinci ɗaya ya jefa ta tsakanin wa'azi da waƙar Indiya. Kuɗi kuwa ko sisi ba ya komawa ga mai aikin.

Ta fuskar rubutu, waɗanda suka fi tsayawa a kan rap ɗin Hausa na wancan lokaci malaman jami'a ne, kuma da Turanci suka yi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi nazarce-nazarce a kan yadda matasan Hausawa suka ari salon waje suka zuba masa nasu. Carmen McCain, Ba'amurkiyar da 'yan fim ke kira Talatu, ta fassara "Girgiza Kai" zuwa Turanci ta kuma yi sharhi a kanta. Aiki ne mai daraja, ba don shi ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Sai dai hankalin mai karanta Turanci ya fi karkata ga mawaƙin a matsayin wanda aka takura wa, ba a matsayin mai sana'ar harshe ba. Alƙali ya ji tsaurin ido, baƙo ya ji jarunta. Tambayar ko ɗangon nan ya zauna daidai a kan kiɗa ta tsaya tana jiran mai kunnen Hausa.

Akwai misali daga Amurka da ya cancanci a ajiye kusa da wannan. A watan Yuni na 1990 wani alƙalin tarayya a jihar Fulorida ya yanke cewa faifan ƙungiyar 2 Live Crew batsa ne, har aka kama wasu 'yan ƙungiyar bayan wani wasa. Da aka zo shari'arsu, wanda ya tsaya ba da shaida shi ne Henry Louis Gates Jr., farfesan adabi, ya yi wa kotu bayanin al'adar baƙaƙen Amurka ta gugar zana da wasan baki da waƙoƙin suka fito daga ciki. Aka sallame su, a 1992 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin farko. Ba muna wanke wancan faifai ba ne, domin ƙazantar bakin da ke cikinsa ba ta da kusanci da habaicin Ziriums. Abin lura shi ne kujerar da manazarcin adabi ya zauna a kai, da kuma cewa kotu ta ga ya dace ta saurare shi.

Kayan aikin yin irin wannan tarke muna da su a Hausa. Tun 1993 Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ya shimfiɗa yadda ake bin turke da salo da ɗiyan waƙa. Matashin marubuci da ya ɗauki wannan ma'auni ya ɗora a kan faifan rap zai ci karo da tambayoyin da Narambaɗa da Shata ba su tilasta wa kowa yi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kiɗan rap kuwa an gina shi a kan harshen da ke tafiya da ƙarfafa furucin wasu gaɓoɓi fiye da wasu. To ina mawaƙi ya lanƙwasa kalma don ta shiga kiɗa, ina kuma ya lanƙwasa kiɗan don kalma ta tsira? A wane wuri yake tsallakawa Turanci, kuma wa yake yi wa magana in ya tsallaka? Cika bakinsa kirari ne irin na gida ko kwaikwayo ne? Mu da ke zaune a gefen tafkin da ya tashi mutane fiye da 40,000 daga gungunansu da garuruwansu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, muna da ƙarin tambaya ga duk yaron da ya ɗauki makirfo a Yelwa: me ya sa unguwannin Amurka da bai taɓa gani ba suka fi saurin zuwa bakinsa fiye da garin kakansa da ke ƙarƙashin ruwa?

Zamanin takurar ya wuce da sauyin gwamnati a 2011, lokacin da Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo mulkin Kano, shugabancin hukumar tacewa kuma ya sauya hannu. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, ta ba wa rap ɗin Hausa fili na kansa a talabijin ta hannun Nomiis Gee. Sabon zubi ya taso daga wasu garuruwa: Classiq da B.O.C Madaki daga Bauci, Morell daga Borno, DJ AB daga Kaduna, suna sakin aikinsu kai tsaye a YouTube da Audiomack, inda ake auna karɓuwa da yawan waɗanda suka latsa. Adam A. Zango ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin fim ɗin Hausa. Alan Waƙa kuwa, wanda aka tsare a 2009 saboda waƙa, daga baya masarautu sun naɗa masa rawani saboda ita.